Hunturu ya kama, ido ya yi ja: sanyi ne ko wani abu ne daban?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina sana'ar acaɓa a wani gari a jihar Jigawa. Duk shekara da zarar hunturu ya kama sai idona ya yi ja, ya riƙa zubar da hawaye, ina jin kamar an watsa mini yashi a ciki. Ɗana mai shekara 8 shi kuma sosa ido yake yi kamar zai cire shi, farin idonsa har ya koma ruwan ƙasa. Na sayi wani maganin ɗigawa a kemis, da an ɗiga sai abin ya lafa, yanzu shekara biyu ke nan ni da shi muna amfani da shi. Sanyi ne yake kama ido? Kuma yaya za mu kare kanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ka lafiya kai da yaron. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa da yawa, amma akwai guda ɗaya da ya fi tayar mini da hankali, shi ne kwalbar nan ta kemis. Don Allah ka ɗauko ta yanzu ka duba ƙananan rubutun da ke jikinta ko jikin kwalinta. Idan ka ga Dexamethasone, ko Betamethasone, ko Prednisolone, ko wani suna da ya ƙare da "sone" ko "lone", to maganin nan sitiroyid ne, wato wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi. Kada ka sake sayen wata, kuma ka kai yaron nan wurin likitan ido a cikin makon nan, tare da kwalbar a aljihunka. Zan dawo kan dalili, domin nan ne zuciyar maganar take. Bari mu fara da hunturun kansa.

Sanyi shi kaɗai ba ya yi wa ido komai a irin ƙasarmu. Sanyin Jigawa ko na Damagaram bai kai ya daskarar da wani abu a jikin mutum ba. Abin da ke zuwa tare da sanyin ne yake wahalar da mu, wato bushewar iska, da ƙura, da hayaƙin wutar da muke hurawa don jin ɗumi. Iskar hunturu tana tasowa ne daga arewa maso gabas, daga cikin Sahara, tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa wajen tsakiyar Maris. Babban tushen ƙurar da take kwasowa wani kwari ne a ƙasar Chadi da ake kira Bodele, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi, ta bi ta kan busasshen gindin tsohon tafkin Chadi ta ɗebo farar ƙura mai laushi kamar garin alli. Ita ce hazon nan da ke rufe gari har a fasa tashin jirage a Kano. Kai da ke Jigawa, da mutanen Yobe da Borno da Diffa da Damagaram, ku ne a bakin ƙofar shigowarta. A watan Agusta danshin iska a yankinmu kan haura kashi 70 cikin 100, amma a Janairu da Fabrairu da rana yakan faɗo ƙasa da kashi 20. Ka ga yadda ake shanya wanki kafin a gama wanke na biyu na farko ya bushe? Ka ga yadda leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso? To abin da ke faruwa da fuskar ƙwayar ido ke nan. Leɓe da dunduniya ana shafa musu man kaɗanya ko basilin. Ido kuwa ba shi da abin shafawa sai hawayensa.

Mutane suna ɗauka hawaye ruwa ne kawai da ke fitowa idan an yi kuka. A'a, a kowane lokaci akwai wani siririn lulluɓi na hawaye a kan ƙwayar ido, kuma hawa uku ne. Na ƙasa majina ce mai yauƙi da ke riƙe ruwan ya manne a jikin ido. Na tsakiya ruwa ne mai gishiri-gishiri, ɗauke da sinadaran da ke kashe ƙwayoyin cuta. Na sama kuma mai ne, yana fitowa daga wasu ƙananan kafofi da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido kaɗan, guda 20 zuwa 40 a kowace fata. Ka lura da miyar da aka zuba wa manja, yadda man ke kwanciya a sama ya hana ta saurin ƙafewa? Aikin wannan man ke nan. Duk ƙiftawa ɗaya tana sake shimfiɗa lulluɓin, kuma mutum kan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya ba tare da ya sani ba. Idan busasshiyar iska ta daki ido, musamman ga mutum irinka da ke tsaga iska a kan babur tun asuba, ruwan yana ƙafewa kafin ƙiftawa ta gaba ta zo. Sai wasu wurare a baƙin ido su zauna tsirara. Baƙin ido kuwa yana daga cikin wuraren da suka fi yawan jijiyoyin jin ciwo a jikin ɗan Adam, shi ya sa ɗan abu kaɗan za ka ji shi kamar tsakuwa.

Za ka ce, to likita, idan bushewa ce, me ya kawo zubar hawaye? Wannan tambaya kusan kullum sai an yi mini ita a ɗakin duba marasa lafiya, wasu ma har su ɗauka ban fahimci kukansu ba. Idan ido ya ji zafin bushewa sai ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuma ta sa a kwararo ruwa da yawa lokaci guda. Amma ruwan nan tsinkakke ne, ba shi da isasshen mai, ba ya zama. Sai ya gangaro kumatu, idon ya koma yadda yake. Kamar ruwan sama ne mai ƙarfi a kan fako, ya wuce bai jiƙa ƙasa ba. Idan muka sa irin wannan ido a gaban na'urar duba ido, muka taɓa masa wata 'yar takarda mai rini ruwan ɗorawa, muka haska shuɗin haske, sai ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo kore sun cika ƙasan baƙin idon kamar an barbaɗa gero. Kowane ɗigo wuri ne da fatar saman ido ta bushe ta ɗaye. Suna warkewa cikin kwana kaɗan idan ido ya samu danshi, amma kafin su warke ƙofa ce buɗe ga ƙwayoyin cuta.

Alamun da ka faɗa a kanka sun yi kama da wannan bushewar, ko da yake ba zan yanke hukunci ba sai an duba ka. Mai bushewar ido yakan ji yaji da yashi-yashi, abin ya fi tsanani da yamma bayan an sha iska, gani ya ɗan yi hazo amma da an ƙifta sau biyu ko uku ya washe.

Abu na farko da nake so ka saya ba magani ba ne, tabarau ne. Ka nemi irin wanda ya zagayo ya rufe gefen ido, ba mai faɗin gaba kawai da iska ke shiga ta gefensa ba. Ka samu fari mai haske na asuba da dare, da mai duhu na rana. Idan kana da hular kwano mai gilashin gaba, ka sauke gilashin, ya fi kowane tabarau. Na san yadda ake ji da hular kwano a garuruwanmu, amma ni da nake cire ƙwari da tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfe daga idon masu babur, ba ni da wata shawara da ta fi wannan. Game da baƙin tabarau, ka nemi wanda aka rubuta UV400 a jikinsa, alamar yana tace hasken rana mai ƙuna, daga wurin da ka amince da shi. Hazo yana dushe rana amma ba ya tare dukkan haskenta mai ƙuna, kuma baƙin gilashin da ba ya tace wannan haske yana sa ɗan ramin tsakiyar ido ya buɗe, hasken ya ƙara samun hanya. Rana da iska da ƙura su ne kuma ke haddasa naman nan da ke tsirowa daga gefen hanci ya nufi baƙin ido, wanda muke yawan gani ga manoma da masunta da direbobi. Idan kana ɗaura takunkumi ko rawani saboda ƙura, ka yi kyau, sai dai ka matse shi a kan karan hanci don kada numfashinka ya riƙa hurowa sama cikin ido, domin shi ma yana busarwa.

Idan ka dawo gida, ka wanke hannu da sabulu tukuna, sannan ka wanke fuska da ruwa mai tsabta. Mu da muke alwala sau biyar a yini mun riga mun samu rabin kariyar, in dai ruwan mai kyau ne. Da dare kafin ka kwanta, ka tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, irin ɗumin da bayan hannunka zai iya jurewa, ka matse, ka rufe ido ka ɗora minti 5 zuwa 10, kana sake ɗumama shi idan ya huce. Bayan nan ka ɗan murza fatar idon a hankali zuwa wajen gashin ido, ka goge bakinta. Ɗumin yana narkar da man da ya daskare a kafofin nan da na faɗa maka. Abu ne da ba ya cin ko kwabo, kuma na ga mutanen da shi kaɗai ya raba su da ɗige-ɗige.

Idan ana buƙatar abin ɗigawa, akwai hawayen kwalba, waɗanda ba su da wani magani mai ƙarfi a ciki, danshi kawai suke ƙarawa. A jikinsu za ka ga an rubuta Hypromellose ko Carboxymethylcellulose. Ɗigo ɗaya ya isa, ido ba ya riƙe fiye da haka. Kana iya sawa kafin ka fita, da tsakar rana, da bayan ka dawo, har sau huɗu a yini. Wanda yake buƙatar fiye da haka, gara ya ga likita a ba shi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba. Kada bakin kwalba ya taɓa ido ko yatsa, kada mutum biyu su yi tarayya a kwalba ɗaya, kuma idan ta yi mako huɗu da buɗewa a yar da ita. Ka rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalin. Akwai kuma masu wanke ja, waɗanda da an ɗiga cikin minti biyu ido ya yi fari tas, irin masu ɗauke da Naphazoline. Matse jijiyoyin jini kawai suke yi, da sun sake ka jan ya dawo fiye da na da, sai mutum ya zama ba ya iya fita sai da su. Shi kuma Chloramphenicol da ake miƙa wa kowa, maganin ƙwayoyin cuta ne, ba ruwansa da bushewa ko ƙaiƙayi.

Ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, domin a hunturu jiki yana ƙafewa shiru. Ka kuma sani magungunan mura irin su Piriton, da ake yawan sha a wannan lokaci, suna rage hawaye. Wayar hannu ma haka, mai kallonta yana rage ƙiftawa da rabi ko fiye. Duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, a ƙifta sosai.

Sai hayaƙi. Na san da asuba a tasha ana haɗa wuta a zagaye ta kafin fasinja su fito, kuma ba kullum itace ake samu ba, wani lokaci leda ce da kwali da tsohuwar taya. Hayaƙin roba guba ne ga ido da huhu baki ɗaya. In za ka ji ɗumi, ka zauna ta inda iska ke fitowa, hayaƙin ya tafi gaba. A cikin gida kuma iyayenmu mata da ke tsugune gaban murhu da ɗanyen itace, da goyo a baya, su suka fi kowa shan wannan wahala. A yi girki a inda iska ke ratsawa, a yi amfani da busasshen itace. Kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga kuwa ya wuce maganar ido, yana fitar da iska mai guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci. A bar garwashin ya ruru a waje, a ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. A kuma nisanta yara da bakin wuta, tartsatsi ɗaya ya isa ya bar tabo a baƙin ido har abada.

Yanzu mu zo kan yaron, wanda shi ne ya sa na zauna na rubuta doguwar amsa haka.

Abin da ka siffanta, wato ƙaiƙayi mai tsanani a ido biyu, ga yaro namiji ɗan ƙasa da shekara 10, da farin ido da ya rine ya koma ruwan ƙasa, ya yi kama ƙwarai da wani nau'in alaji na ido da ya yi yawa a ƙasashe masu zafi da ƙura irin namu. Jikin yaron ne yake ɗaukar ƙura da garin furanni da makamantansu a matsayin abokan gaba, sai ido ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Sau da yawa za ka ga wata kwantsa fara mai yauƙi da ake jawowa kamar zare, kuma yaron ba ya son haske. Idan muka juya fatar idon sama, mukan tarar da ƙuraje shimfiɗe a jere kamar daɓen tsakuwa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ƙazanta ce ta kawo shi ba, kuma ruwan ƙasan nan rini ne na jiki da kumburi ya tara. Ina faɗin haka ne domin na ga samarin da aka zarga da shaye-shaye a gida da makaranta saboda launin idonsu, alhali ciwo ne suke fama da shi tun suna ƙanana. Labari mai daɗi shi ne yawancin yara suna rabuwa da shi bayan sun balaga. Aikinmu shi ne mu kai su can da idonsu lafiya.

Abu biyu ne ke hana hakan. Na farko susa. Yawan murza ido shekara da shekaru yana iya sa baƙin ido ya yi laushi ya tsuke ya yi tsini, gani ya lalace yadda tabarau ma ba ya gyarawa sosai. Duka da tsawa ba sa hana yaro susa, ƙaiƙayin ya fi ƙarfinsa. Abin da ke taimakawa shi ne sanyi. Kai ɗumi na ce ka ɗora, shi kuwa tsumma za a tsoma a ruwan randa mai sanyi a ɗora masa a kan ido a rufe. A yanke masa farce, a wanke masa fuska da ya dawo daga wasa ko makaranta, a kakkaɓe shimfiɗarsa a shanya, a yayyafa ruwa kafin a yi shara, kuma kada ya tsaya a wurin da ake sharar. Akwai magungunan alaji na ɗigawa da ba su da haɗarin sitiroyid, irin su Sodium cromoglycate da Olopatadine, waɗanda likita kan ɗora yaro a kansu tun kafin lokacin tashin ciwon. Ba su kai sitiroyid ƙarfi ba, na farkon ma yakan ɗauki mako biyu ko fiye kafin a ga amfaninsa, shi ya sa iyaye ke gajiya su koma kemis.

Na biyu shi ne sitiroyid ɗin. Ba na musun cewa yana aiki. Aikinsa ne ma ya sa yake da haɗari. Ka ɗiga da dare, da safe yaro ya tashi idonsa garau, uba ya ji daɗi, mai kemis ya samu yabo. Mu ma muna rubuta shi idan ciwon ya yi tsanani, amma na ɗan gajeren lokaci, muna auna ido, muna janye shi a hankali. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum, yana fita ta wata matata mai ƙananan kafofi. Sitiroyid yana toshe matatar nan sannu a hankali. Ruwa ya taru, matsin cikin ido ya hau. Matsin lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21 a ma'auninmu. Kusan mutum 1 cikin 3, idan ya yi mako huɗu zuwa shida yana ɗiga sitiroyid mai ƙarfi, matsin idonsa zai tashi, kuma a yara abin ya fi sauri ya fi tsanani. Matsin nan yana danne jijiyar gani da ke bayan ido har ta mutu. Wannan shi ne gilakoma, wanda wasu ke kira hawan jinin ido. Ba ya ciwo, ba ya sa ja. Daga gefe yake fara cin gani, tsakiya ta rage tas, don haka yaro yana karatunsa yana wasansa ba wanda ya lura, sai ranar da ya fara tuntuɓe da kujera ko ya kasa ganin akuya ta gifta ta gefensa. Abin da jijiyar nan ta rasa kuma ba ya dawowa, ba da magani ba, ba da tiyata ba. Ban da haka, sitiroyid yana kawo yanar ido tun da ƙuruciya, kuma idan akwai gyambo a baƙin ido yana hura masa wuta.

Ba zan manta da wata uwa da ta zo mini da ɗanta mai kimanin shekara 11 ba. Da na tambaye ta abin da ake sa masa, sai ta kwance bakin zanenta ta zazzage kwalabe a kan tebur, duk iri ɗaya, wasu takardar jikinsu har ta goge. Ta adana su ne don ta nuna mini ba ta yi sakaci da ɗanta ba, kuma gaskiya ne, ba ta yi ba. Kuɗin ƙuli-ƙulinta take tarawa tana saya. Da na auna, matsin ido biyun ya haura 40. Na rufe masa idon dama na ɗaga yatsu a gabansa, bai ga komai ba sai motsi. Na hagun muka samu muka ceto abin da ya rage. Har yau idan uba ya ce mini "akwai wani magani mai kyau da muke saya", sai gabana ya faɗi.

Ban faɗi wannan don in tsorata ka ba, Malam. Mai yiwuwa idon ɗanka lafiya lau yake, domin ba kowa ne matsinsa ke hawa ba. Amma ba a sanin haka da kallo, sai an auna, kuma awon ba ya ɗaukar minti biyar. Kai ma a auna ka, tunda tare kuke ɗigawa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yankin arewa maso gabas ne ya fi yawan kaso, gilakoma ce ta biyu bayan yanar ido wajen jawo makantar, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya kaucewa ne ko a magance. Duk wanda ya kai 40, ko yake da mai gilakoma a danginsa, ko yake da ciwon suga, ya kamata a duba idonsa ko ba ya jin komai.

Tunda hunturu yana haɗuwa da kaka, bari in ja kunnen masu sussuka da casa da sheƙa. Ƙaiƙayin gero ko na shinkafa, ko tsinin kara, idan ya karci baƙin ido yana iya shigar da wani irin naman gwari da ke cin ido cikin kwanaki, kuma maganinsa yana da wuya. Idan abu ya faɗa ido kada a murza, kada a sa harshe ko tsinke ko bakin zane. A kwarara ruwa mai tsabta, a ƙifta a ciki. Idan bayan awa kaɗan har yanzu ana jin abu, ko aka ga farin ɗigo a baƙin ido, a tafi asibiti a ranar. Idan siminti ne ko ruwan batir ko wani sinadari ya fallatsa, a fara wankewa da ruwa mai yawa na minti 20 tun kafin a nemi abin hawa.

Haka nan abubuwan da ake ɗigawa a gida. Na ga idon da aka sa wa ruwan siga, da ruwan albasa, da lemon tsami, da nonon uwa, da ruwan ganye, har da fitsari. Fitsari yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda ke huda baƙin ido cikin kwana biyu. Ciwon da da kansa zai warke sai a mayar da shi hakiya. Apollo ma, wanda ya samo sunansa a Ghana a 1969 saboda ɓullarsa ta zo daidai da saukar kumbon Apollo 11 a duniyar wata, yawanci yana wucewa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Ba a ɗaukarsa ta kallon mai shi, ta hannu da tawul da matashin kai yake yawo. Kwalli kuwa, na san matsayinsa a al'ada da addini, kuma ba na raina shi. Sai dai an sha gwada irin wanda ake sayarwa a kasuwanni a ƙasashe da dama aka tarar da dalma mai yawa a ciki, ita kuwa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Shawarata kada a sa wa jarirai da ƙananan yara, kada a sa a idon da ke ciwo, kuma kowa ya riƙe tandunsa da tsinkensa.

Wani abin da sanyi ke jawowa a fakaice shi ne ƙyuyar wanke wa yara fuska. Yaro ya wuni da kwantsa da majina, ƙudaje suna sauka suna tashi. Ta haka amosanin ido ke yaɗuwa, wanda idan ya yi ta maimaituwa yake juyar da gashin ido ciki ya riƙa gogar baƙin ido har ya makantar a girma. Ghana ta kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar al'umma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2018, kuma wanke fuska yana cikin ginshiƙai huɗu na yaƙin. Ɗan ruwan ɗumi a buta da safe ya wadatar. Rani kuma lokacin ƙyanda ne, ita kuwa tana ƙarar da sinadarin bitamin A a jikin yaro har ido ya bushe ya narke. A kai yara rigakafi, a karɓi ɗigon bitamin A idan ana rabawa, a kuma ba su zogale da alayyafo da kabewa da karas da manja da ƙwai da hanta gwargwadon hali. Karas ma a hunturu ne lokacinsa, yakan yi araha.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ciwo mai tsanani a cikin ido, raguwar gani da ba ta washewa da ƙiftawa, kasa buɗe ido a haske, ja a ido ɗaya tare da ciwon kai da amai ko ganin bakan gizo kewaye da fitila, kwantsa mai yawa kamar ruwan gyambo, da duk wata kwantsa ko kumburi a idon jaririn da bai yi wata ɗaya ba.

Ka fara da sashen ido na babban asibitin da ya fi kusa da kai, ka ce musu kana so a auna matsin idon yaron a kuma duba jijiyar ganinsa, ka gaya musu shekara biyu yana kan wannan magani. Idan ba su da na'urar, ka nemi su tura ka gaba. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Idan an tabbatar sitiroyid ne, likita zai tsara yadda za a janye shi a maye gurbinsa da wani, domin yanke shi kwatsam bayan dogon lokaci yakan sa ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfi, kai kuma tausayi ya sa ka koma ka sayo. Kafin ranar zuwan, tsumma mai sanyi da wanke fuska su riƙe shi. Ka tafi da duk kwalaben da ke gidan, har waɗanda suka ƙare. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare maka hanya.